Teku baya biyan diyya

Bara a watan Yuli na hau jirgin ruwa daga Aberdeen zuwa Lerwick, babban garin tsibiran Shetland can ƙuryar arewacin Skotlan, kwana muka yi akan ruwa sai da safe muka sauka. Daga Lerwick akwai wani ƙaramin jirgi da yake tsallakar da mutane da motoci zuwa tsibirin Bressay, tafiyar ko minti goma bata kai ba. Kana sauka ba nisa zaka ga ɗan gidan tarihin mutanen tsibirin, a gefensa kuma a fili akwai wasu falalen duwatsu da aka kafa tsaye, da wasu ƴan ƙananan ɗakuna marasa rufi, da wani kwami na dutse a ƙasa kaman wanda ake shayar da shanu. Wanda bai sani ba zai wuce ne kawai yace ai kango ne. Ni kam na daɗe a tsugunne a bakin kwamin nan, na sa hannu na shafa gefensa, sanyi ƙalau, ina ta tunanin hannun da ya fara jera shi shekara dubu uku da wani abu da suka wuce.

Abin da ya riƙe ni shine ba nan ne asalin wurinsa ba. A wani waje da ake kira Cruester yake, a bakin ruwa, teku yana ta gutsurarsa shekara da shekaru. Masu binciken kayan tarihi suka tone shi a shekarar 2000, sannan a 2008 mutanen tsibirin da kansu, tare da masana, suka sa wa duwatsun lamba ɗaya bayan ɗaya, suka kwashe suka kawo nan suka sake jerawa yadda suke. Toh tun daga ranar maganar take damuna, kuma ita nake so mu tattauna, don inaga akwai rashin adalci a yadda ake zaɓen tarihin da za a ceta da wanda za a bar wa ruwa.

Bari in fara da bayanin mene ne abin tukunna. Da Turanci burnt mound suke ce masa, mutanen Ailan kuma suna cewa fulacht fia da yarensu, mu dai mu ce tsibin ƙonannun duwatsu. In ka ganshi daga nesa ɗan tudu ne ciyawa ta rufe, yawanci ya lanƙwasa kaman kofaton doki ko kaman ƙoda, kuma kusan kullum kusa da ruwa yake, ko rafi ko fadama ko marmaro. In ka tona sai kaga baƙar ƙasa mai gawayi da toka cike da fasassun duwatsu da wuta ta mayar dasu ja. A tsakiyar lanƙwasar nan akwai rami ko kwami, wani an daɓe shi da katako, wani da falalen dutse, wani da yumɓu. Yawancinsu na zamanin tagulla ne, wato wajen shekara 1800 zuwa 800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu sun fi haka tsufa. A Ailan kaɗai an ƙirga dubbai, yankin Cork ya fi ko'ina yawansu, sannan ga Skotlan ga Wales ga Ingila har cikin birnin Birmingham an same su a bakin rafuka.

Yadda suke aiki da shi kuwa akwai hikima sosai. Mutanen basu da tukunyar ƙarfe babba da zata ɗauki ruwa mai yawa a ɗora a murhu, sai suka juya lamarin, maimakon a kai ruwa kan wuta sai a kawo wuta cikin ruwa. A hura wuta a gefe a zuba duwatsu har suyi jajir, a mirgino su a jefa cikin kwami, ruwa ya ɗauki zafi, dutsen in ya sha wuta ya sha ruwa sau ƴan kaɗan sai ya tarwatse, a kwashe tarkacen a watsa gefe, gobe ma haka jibi ma haka, shekara da shekaru, har juji ya taru ya kewaye kwamin ta ɓangare uku, ɓangare ɗaya a bar hanyar shiga. Juji ne wallahi ba wani abu ba, bolar mutane ce.

A 1952 wani masani ɗan Ailan, Michael O'Kelly, ya tona guda a Ballyvourney a yankin Cork, bai tsaya nan ba ya gwada da hannunsa. Ya cika kwamin da ruwa kusan lita 450, ya dinga jefa jajayen duwatsu, cikin kusan rabin awa ruwa ya tafasa, ya naɗe cinyar rago da ciyawa ya saka, yana ƙara dutse ɗaya ɗaya don kar zafin ya sauka, kafin awa huɗu nama ya dahu. Daga nan kowa ya ɗauka madafa ce. Amma sai wasu suka ce to ina ƙasusuwan, don a da yawa daga cikinsu ba a samun ƙashin dabba sosai, wasu suka amsa da cewa ƙasar ce mai tsami take cinye ƙashi. A 1987 wasu masana biyu, Barfield da Hodder, suka kawo cewa wurin wankan tururi ne, a kafa bukka a rufe a zuba ruwa kan dutse mai zafi. Wasu suka ce rini ne, wasu jima, wasu wankin ulu, wasu lanƙwasa katako, a 2007 ma wasu biyu a Galway sun gwada dafa giya a irin kwamin kuma ta yiwu.

Ni da na karanta maganar tururin nan sai kakata ta faɗo min a rai, Allah ya jiƙanta. In zazzaɓi ya kama ɗayanmu takan dafa ganye a tukunya ta lulluɓe mu da bargo muyi sirace, in ruwan ya fara hucewa ta ɗauko dutsen da ta tura cikin murhu tun ɗazu ta jefa a ciki, kaji cuuu, tururi ya sake tasowa ya cika maka fuska. Kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake wankan jego ya san yawan itace da yawan ruwan zafin da ake buƙata kullum safe da yamma. Shi yasa ni gardamar ko madafa ce ko wurin wanka bata ɗaga min hankali, ruwan zafi ai ba aiki ɗaya yake ba, gidan da yake da hanyar tafasa ruwa mai yawa zai dafa, zai yi wanka, zai jiƙa fata, zai yi wa mara lafiya magani. Abin da na tabbata shine wurin aiki ne na talakawa, wurin da ake ɗebo itace ana ɗauko dutse ana ƙonewa a yatsa hayaƙi yana shiga ido. Ba sarki a ciki ba zinariya.

Kuma nan matsalar take. Kowa ya san Skara Brae a Orkney, wasu tsibirai a arewacin Skotlan, ƙauyen duwatsun nan da ya kai shekara 5000, wanda guguwa ta yaye rairayi ta bankaɗo shi a 1850. Yana da gadaje na dutse da kantocin ajiye kaya na dutse, yana da kyau a hoto, masu yawon buɗe ido suna tururuwa, tun shekarun 1920 aka gina masa katanga tsakaninsa da teku ana ta gyara ta har yau, a 1999 kuma UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ban ce bai cancanta ba, ya cancanta ɗari bisa ɗari. Amma a gaɓar tekun Skotlan binciken da aka yi ya rubuta wuraren tarihi sama da 12,000, kuma ba duka gaɓar aka zaga ba ma. Nawa ne a ciki za a yi wa katanga? Katangar teku tsada gareta ba kaɗan ba, kuma in ka tare ruwa a nan sai ya koma ya ci maƙwabcinka da ƙarfi. Saboda haka ni bana cikin masu cewa a kewaye kowane tudu da siminti, wannan ba zai yiwu ba, kuma a ƙasar da gidajen rayayyun mutane suke ruftawa cikin ruwa, kaman yadda ake gani a Happisburgh a gabashin Ingila, ba wanda zai yarda a kashe kuɗin katanga kan jujin matattu a bar mai rai da iyalinsa. Mai rai ya fi, wannan ba gardama.

Abin da nake cewa daban ne. A Turai akwai ƙa'idar da suka amince da ita, tana cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Valletta ta ƙasar Malta a 1992, cewa abu mafi kyau shine a bar kayan tarihi a inda suke cikin ƙasa, don tono shi kansa ɓarna ne, in ka tona sau ɗaya shikenan baka iya mayarwa, kuma jikoki zasu zo da na'urorin da suka fi namu. Magana ce mai hankali in wurin yana tsakiyar gona nesa da ruwa. Amma a bakin teku bar shi a inda yake ma'anarsa bar wa ruwa. Ba wasu jikoki da zasu zo su tarar da shi.

Sannan ga maganar kuɗi wadda ita ce zuciyar abin a ganina. Tsarinsu shine wanda zai ɓata shi zai biya. In kamfani zai gina hanya ko gidaje ko ya shimfiɗa bututu, dole a duba ƙasar tukunna, in an samu wani abu a tona a rubuta, kuɗin yana cikin kuɗin aikin. Shi yasa lokacin da Ailan take ta gina manyan tituna a shekarun 2000 aka tona ɗaruruwan irin waɗannan tsibin duwatsu, har suka zama abin da aka fi yawan cin karo da shi, kuma ilimi mai yawa da ake da shi yanzu akansu daga nan ya fito. Toh teku fa? Teku ba shi da ofis ba shi da manaja, ba inda zaka kai masa takardar biya. Mai gonar da tudun yake bakinta ba laifinsa bane ba kuma wanda zai tilasta masa, ƙaramar hukuma tace ba kuɗi, hukumar kayan tarihi tana da wuraren da take riƙe da su a hannunta sun ishe ta. Sai ya zamana tudun da buldoza zata taka yafi wanda igiyar ruwa zata ci gata, alhali na biyun ma shi ba a san ranar tafiyarsa ba, dare ɗaya na hunturu ya isa.

Wani zai ce to ai suna da yawa, dubbai ne, in ɗari sun tafi me aka rasa, duk ba dutse da gawayi bane? Na yarda ba kowanne ne zai faɗi sabon abu ba. Amma na tsibiran arewa irinsu Orkney da Shetland daban suke da yawancin na sauran wurare, don su da gini a cikinsu, ɗakuna da murhu da magudanar ruwa da rijiya, kuma su ne da yawa suke bakin gaɓa. Dubi na Liddle a tsibirin South Ronaldsay na Orkney, wani manomi Ronnie Simison yana ɗibar duwatsun tudun yana gyara hanyar gonarsa sai ya ci karo da gini, ya tsaya ya kira masana, aka tona a shekarun 1970 aka samu ɗaki guda da kwami a tsakiya. Dubi Links of Noltland a tsibirin Westray, shi ma a Orkney, inda iska take kwashe rairayi tana tone abin da ke ƙasa, a nan aka samu wata ƴar mutum-mutumin dutse a 2009, a 2015 kuma aka tono gini na zamanin tagulla mai kwamin ruwa da ake zaton gidan tururi ne. Daga sama ba zaka san wanne ne a cikinsu yake ɗauke da irin wannan ba. Kuma laka ta ƙasan kwami da rijiya, da yake a jiƙe take kullum, tana riƙe ƙwayoyin tsirrai da fikafikan ƙwari da garin fure, daga su ake gane wane irin daji ne a wurin a lokacin, me ake nomawa, yanayin sanyi ne ko ɗumi. Gawayin kuma shi ke bada shekaru in an auna. Ranar da ruwan gishiri ya wanke wannan lakar, ko duwatsun sun rage a bakin gaɓa ba abin da zasu iya gaya maka kuma.

Abin da ya bani ƙwarin gwiwa shine ba a zauna an naɗe hannu ba. Akwai wata ƙungiya SCAPE da take aiki daga jami'ar St Andrews, su suka gane cewa masana ƴan kaɗan ne, gaɓa kuma dubban kilomita ce, amma a kowane ƙauye akwai mai fita da karensa bakin ruwa kullum da safe, akwai masunci akwai makiyayi, su ne zasu fara ganin abin da guguwar jiya ta tona. Sai suka sa taswirar wuraren a intanet, suka yi manhajar waya, kowa zai iya ɗaukar hoto ya rubuta halin da ya ga wuri ya tura. A Ingila ma an yi irinsa, CITiZAN, daga 2015. A tsibirin Sanday na Orkney guguwar farkon 2005 ta bankaɗo wani tsibin a Meur, aka tona abin da aka iya, teku ya ci gaba da cinsa, a 2014 mutanen tsibirin suka ce ba zasu zuba ido ba, suka yi irin abin da ƴan Bressay suka yi, suka kwashe shi suka sake ginawa kusa da gidan tarihinsu. Da aka ɗaga duwatsun sama ma sai aka tarar da wasu gine-ginen a ƙarƙashi da suka fi na saman tsufa, wanda da an bar shi a inda yake ba mai ganinsu har abada.

Akwai masu sukar wannan kwashewar kuma ba zan ce basu da hujja ba. Suna cewa abin da ka ɗauke daga mazauninsa ya zama kwaikwayo, don tsibin yana da alaƙa da marmaron da ke gefensa da tudun da ke bayansa da inda rana take fitowa, in ka kai shi kusa da wurin ajiye motoci ka raba shi da duk wannan. Irin wannan rigimar aka yi a Norfolk a gabashin Ingila a 1999 lokacin da za a cire da'irar katakon nan da ake kira Seahenge, wadda aka sare itatuwanta a 2049 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har wasu suka je suka zauna a kai suna hana aiki, yanzu tana gidan tarihi a King's Lynn. Na ji zafinsu, don ni ma da nake tsugunne a Bressay na san ba a nan matar da take jefa dutse take tsayawa ba. Amma da babu gara ba daɗi. Kuma abin da masu sukar basa ƙirgawa shine mutanen da suka ɗauki duwatsun da hannunsu, yaran makarantar da suka zo kallo, su yanzu abin nasu ne, in gobe suka ga baƙar ƙasa a bakin gaɓa sun san mece ce.

Ba ma dole sai an kwashe ba. Sawun ƙafafun mutanen da aka gani a laka a Happisburgh a watan Mayun 2013, waɗanda suka haura shekara 800,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a wajen Afirka, cikin sati biyu ruwa ya share su tas. Abin da ya rage shine hotunan da aka yi sauri aka ɗauka cikin ruwan sama, aka haɗa su a kwamfuta suka bada siffar sawun, har ana gane na manya da na yara. Da masu ɗaukar hotunan sun ce bari mu rubuta takardar neman kuɗi mu jira amsa, da ba wanda zai san an taɓa takawa a wurin.

Toh shine nake ganin gwamnatocin Birtaniya da Ailan su daina yin kaman abin gaggawa ne da yake zuwa ba zato, kowa ya san hunturu zai zo duk shekara, kowa ya san ruwan teku ya ƙaru da wajen santimita 20 daga 1900 zuwa yanzu kuma ƙara sauri yake. A ware kuɗi tsayayye duk shekara, ba na aikin shekara uku da in ya ƙare kowa ya watse ba, a ajiye ƴan ma'aikata da zasu iya isa wuri cikin kwana biyu bayan guguwa, a kuma faɗa wa mutane gaskiya cewa wannan zamu tona, wannan hoto kawai zamu ɗauka mu ɗebi gawayi, wannan kuma mun haƙura. Kuma in za a yanke wannan hukuncin a zauna da mutanen ƙauyen, kar a yanke shi a manyan birane irinsu Edinburgh ko Dublin a aiko musu a takarda. In ana zaɓe kuma kar kyau a hoto ya zama shine ma'auni, don in aka bi haka tarihin da zai rage na masu fada da manyan kaburbura ne kaɗai, masu hura wuta da ɗebo ruwa su tafi ba labari.

Kar wani yace wannan matsalar Turawa ce su ta shafa. Wani bincike da aka fitar a 2022 ya duba wuraren tarihi da na halitta 284 a gaɓar Afirka, ya samu 56 suna cikin haɗarin ambaliya da zaizaya tun yanzu, kuma adadin zai iya ninkawa fiye da sau uku kafin 2050. Ƴan uwanmu na Ghana sun san Keta, inda teku ya cinye babban ɓangare na ganuwar Prinzenstein da ƴan Denmark suka gina a 1784, wurin da aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Wannan ma sanannen gini ne mai suna a littafi, ina ga jujin masunta da maƙera da masu dafa gishiri da ba wanda ya taɓa rubuta su.

Kafin in bar Shetland na bi wata gaɓa da ƙafa da yamma, a wani wuri inda ƙasa ta rufto sai naga wani layi baƙi a jikin gaɓar, kaurinsa bai fi taƙi ɗaya ba, da ƴan jajayen duwatsu sun leƙo, wasu sun riga sun zubo ƙasa cikin tsakuwa ruwa yana lasarsu. Na ɗauki ɗaya, gefensa a fashe yake da kaifi ba irin na dutsen bakin ruwa mai sulɓi ba, ya bar min baƙi a tafin hannu. Na mayar da shi inda na ɗauka, na ajiye kwabo a gefen layin don a gane girmansa, na ɗauki hoto uku da waya na tura ta manhajar nan tare da inda wurin yake. Tsakanin layin da inda ruwa ya tsaya a ranar na auna da ƙafata, taku shida ne.